Jar ƙasa ta ƙi shuka duk da kamfa da yuriya, ta ina ake fara gyara?

Maman Walida, Danbushiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu lambu. Shawara nake nema a kan ƙasar bayan gida. An tayar da fangali huɗu, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 5. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, wadda magina suka baje bayan haƙa tushen gini da sokawe. Idan aka ba ta ruwa sai ya kwanta a sama ko ya gangare gefe, rana na bugunta kuma saman ya yi ɓawo ya tsattsage. Alayyahu yana tsirowa ya tsaya bai wuce tsawon yatsa ba, ganyen ya yi ruwan ɗorawa. Tumatir yana zubar da fure, 'ya'yan da suka kama kuma ƙasansu yana yin baƙi ya lotsa. An zuba kamfa sau biyu, yuriya sau ɗaya, sai bakin ganyen ya ƙone. Ruwa dai akwai, na burtsatse ne.

Abin da ake iya samu a kusa: karan masara, busasshen ganyen mangwaro da na darbejiya, ɓawon kayan miya, tokar murhu, kashin awaki uku da ke gidan, da kashin kaji na sayarwa a buhu. Yanzu muna tsakiyar Nuwamba. Ina so in san ainihin ciwon ƙasar, yadda ake haɗa ruɓaɓɓen taki daki-daki, da yawan da fangalin nan huɗu za su ci. Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona, Kawo

Wa'alaikumus salam Maman Walida. Da farko ki ajiye kamfa da yuriya tukuna. Abin da kika kwatanta ƙasar ƙarƙashi ce aka juyo da ita sama. A yankinmu ƙasar da ke ciyar da shuka ita ce ta saman nan mai ɗan duhu, kaurinta bai cika wuce santimita 15 zuwa 20 ba, kuma ita magina ke fara binnewa. Wadda ta rage a fili laka ce mai ƙarfe da tsakuwar marmara, ba ruɓaɓɓen ganye a jikinta, ba tana, ba ƙananan halittun da ke narka abinci su miƙa wa saiwa.

Takin zamani gishiri ne mai narkewa a ruwa. Ƙasar da ta ƙoshi da ruɓaɓɓen abu tana riƙe shi, ta riƙa saki kaɗan-kaɗan. Wannan kuwa ba ta da abin riƙewa, ga saiwa ta kasa nutsawa, sai gishirin ya taru a gindin shuka ya zuƙe ruwan da ke cikin saiwar. Ƙunar bakin ganyen daga nan take. Baƙin da ke ƙasan tumatir kuma ƙarancin kalsiyam ne a cikin ɗan, kuma galibi ruwa ne ke jawo shi: yau ƙasa ta jiƙe sharkaf, gobe ta bushe ƙamas, kalsiyam kuwa da ruwa yake hawa jikin shuka. Feshin magani ba zai taɓa shi ba.

Ki yi gwaji uku kafin ki kashe ko sisi.

Ki haƙa rami mai zurfin santimita 30 a tsakiyar fangali ɗaya, ki cika da ruwa, ki bari ya tsotse, ki sake cikawa. Idan cikon na biyu ya shanye cikin awa 4 zuwa 12, magudanar ƙasar lafiya lau. Idan ya kwana ya wuni yana nan, akwai taurin marmara ko matsattsiyar laka a ƙasa, dole a fasa da diga ko a ɗaga fangalin sama da santimita 25 zuwa 30 a tare gefensa da bulo.

Na biyu, ki zuba ƙasar a farar kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, ki cika da ruwa, ki girgiza sosai ki ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, turɓaya mai laushi cikin kamar awa 2, laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi zai nuna miki wadda ta rinjaya. Ko laka ce ta rinjaya, kar ki yarda a ce ki zuba tifar yashi. Yashi kaɗan a cikin laka bulo yake haɗawa, wanda zai isa ya canza halin ƙasar kuwa ya fi ƙarfin aljihu.

Na uku shi ne tsami. Yawancin kayan lambu suna son ma'aunin tsami, wato pH, tsakanin 6 da 6.8; in ma'aunin ya sauka tsami ya ƙaru ke nan, in ya hau ya ragu. Jar ƙasarmu ta fi karkata wajen tsami, yuriya ma ƙara shi take yi idan an daɗe ana zubawa, kuma a ƙasa mai tsami ƙarfe yana kama fosfaras, ɗaya daga abincin shuka, ya hana shuka. Amma filin gini yana iya zama akasin haka, domin ɓaraguzan siminti suna ɗaga ma'aunin. Saboda haka a auna ya fi a yi kintace. Ki ɗibo ƙasa daga wuri 8 zuwa 10 a zurfin santimita 20, ki gauraya, ki shanya a inuwa, ki ware rabin kilo a kai ɗakin gwajin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya.

Sai aikin ƙarfi. A fasa ƙasar da diga zurfin santimita 30 lokacin da take da ɗan danshi, ba tana caɓi ba, domin laka idan aka juya ta a jiƙe curi-curi take bushewa. A tsince siminti, ƙusa, leda da manyan duwatsu. Daga ranar kar ƙafa ta ƙara hawa kan fangali, a bar hanya tsakaninsu. Faɗin mita 1 da kika yi daidai ne, hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe.

Baba Mai Lambu, Rafin Guza

'Yata, Malam ya gama da ciwon, ga maganin. Lokacin da kika yi tambayar nan ya yi kyau, kaka ce, kara da harawa suna ko'ina.

Taki haɗi ne na abu biyu. Akwai busasshe: kara, busasshen ganye, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi. Akwai ɗanye mai ƙarfi: kashin dabbobi, ɗanyar ciyawa, ɓawon kayan miya, ragowar ganyen da masu gwari ke zubarwa a kasuwa. Masana suna cewa a nemi kabon, sinadarin da ya fi yawa a busasshe, kashi 25 zuwa 30 a kan naitirojin, abincin shukar da ɗanyen ke kawowa, kashi 1. Karan masara yana wajen 60 a kan 1, kashin shanu wajen 20, na kaji wajen 10, garin katako ya haura 200. A aikace, kwanon sarki uku na busasshe, ɗaya na ɗanyen ganye, ɗaya na kashi. In kashin kaji ne tsantsa, rabin kwano ya isa.

Ki zaɓi inuwa, gindin mangwaron nan ya yi, kusa da ruwa amma nesa da bakin burtsatse da kamar mita 15. Da yake hunturu ne, iska za ta busar da tsibin da aka tara a fili cikin kwana biyu, don haka a haƙa rami mai faɗin mita 1.5 ta kowane gefe, zurfin santimita 50, a haƙa wani irinsa a gefensa saboda juyi. Da damina kuwa ba a rami, ruwan Agusta zai cika shi takin ya ruɓe da wari. A tudu ake tarawa a yi masa rumfa. Girma yana da muhimmanci. Tsibin da bai kai mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi ba ba ya riƙe zafi.

Ki sa a sassare karan da adda guntu-guntu kamar tsawon yatsa, a jiƙa shi tun daren jiya. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: su jefa kara dogo-dogo a bushe, bayan wata shida su tarar da shi yadda suka sa shi. Ganyen mangwaro ma taurin kai gare shi, a tattake shi ya farfashe ko a daddaka cikin buhu. Na darbejiya ba shi da matsala, yana saurin narkewa.

Jerin shimfiɗa: a ƙasa manyan kara marasa sara, kaurin santimita 15, don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Sai busasshe santimita 20, ɗanyen ganye santimita 7 zuwa 10, kashi santimita 5, sai a yayyafa baƙar ƙasa ta gindin bishiya ko ta tsohon turke, kamar shebur biyu. Ita ce ke kawo ƙwayoyin da za su fara aikin. Mu a bakin kogi mukan barbaɗa ɗan toka a kowane hawa. A yayyafa ruwa a kan kowace shimfiɗa kafin a ɗora ta gaba, a yi ta maimaitawa har tsayin ya kai mita 1.2 daga ƙasan ramin. Kar a tattake. A rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa, a soka doguwar busasshiyar sanda a karkace har tsakiya a bar ta a ciki.

Awon ruwa da hannu ake yi. Ki damƙi haɗin ki matse. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, daidai. Idan ya tsiyaya ya yi yawa, idan kika buɗe hannu ya warwatse ya yi kaɗan.

Kwana na uku ko na huɗu ki zaro sandar. Ya kamata ki ji ta da zafi da danshi, har ki kasa riƙe ta da daɗewa. Mai ma'aunin zafi zai ga digiri 55 zuwa 65. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayar ciyawa da cututtukan da ke cikin kashi, amma tsakiya kaɗai yake kaiwa, shi ya sa ake juyi. Kwana 10 da tarawa a kwashe zuwa rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito gefe, ana yi ana yayyafa ruwa. Daga nan duk mako biyu a juya, sau uku ko huɗu. Bayan kowane juyi zai sake ɗaukar zafi, kowane karo ƙasa da na baya. Ranar da aka juya ya ƙi zafi, dahuwa ta ƙare, sai a bar shi ya huce mako biyu zuwa uku a rufe. Gaba ɗaya mako 10 zuwa 12.

Abin da kan lalace, da dalilinsa. In yana warin fitsari mai hawa ido, kashi ya yi yawa, naitirojin ne ke guduwa sama, a ƙara busasshen ganye a juya. In warin ruɓaɓɓen ƙwai ne kuma yana yauƙi, ruwa ya kore iska, a baje shi ya sha iska wuni guda a haɗa da sararren kara. In kwana biyar ba zafi, ɗayan uku ne: ya bushe, ko kashi ya yi kaɗan, ko tsibin ƙarami ne. In aka tarar da tsakiya ya yi fari-fari kamar toka ya bushe, zafi ya yi yawa ruwa ya ƙare, wannan ya fi faruwa da kashin kaji a hunturu, a jiƙa a juya nan take. Tururuwa da cinnaka a ciki alamar bushewa ce. Ƙuda da ɓera kuwa ragowar abinci aka bari a sama, kullum a tona a binne ɓawon kayan miya a ciki da zurfin tafin hannu biyu.

Kar a sa nama, ƙashi, mai, kashin kare ko kyanwa, ko ƙunzugun yara. Kar a sa ciyawar ƙiri-ƙiri da aya-aya, guntun saiwarsu yana tsira ya cika miki fangali. Tumatir ko attarugun da ya yi yaushi ya mutu, ko wanda saiwarsa ta yi ƙulli-ƙulli, ƙona shi ake yi. Ciyawar da aka yi wa feshi kwanan nan ita ma a bar ta.

Maman Walida, Danbushiya

Na gode Malam, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wata uku yana da ɗan nisa. Masu baro suna kawo baƙar ƙasar bola da araha, suna cewa ta riga ta ruɓe. Za a iya amfani da ita kafin nawa ya nuna? Ko in zuba kashin kajin kai tsaye a fangali? Tokar kuma nawa ake sawa?

Hajiya Mai Kaji, Mando

Ƙanwata, ƙasar bola ki bar ta inda take. Baƙin nata gaskiya ne, shuka ma takan yi kore a kanta, amma abin da aka zubar a bolar cikin gari ba shara da toka kaɗai ba ne kamar jujin ƙauye na da. Akwai fasassun batura, kwalba, allura, gwangwanin fenti, ƙonanniyar leda da taya. Dalma da sauran ƙarafa masu guba da ke fita daga irin waɗannan ba sa ruɓewa, in sun shiga fangali sun zauna, kuma ganye irin su alayyahu da latas suna cikin masu saurin ɗaukarsu. Rairaya tana cire kwalba da leda, ba ta cire gubar. Abincin yara ake magana, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kashin kaji iri biyu ne a kasuwa, ki duba buhun kafin ki biya. Akwai na kajin keji, tsantsa ne, mai nauyi da wari. Akwai na kajin ƙasa, wanda ya gauraya da garin katako ko buntun shinkafa da aka shimfiɗa musu. Na farko in aka zuba shi ɗanye yana sakin iskar nan mai warin fitsari wadda ke ƙona saiwa da ƙananan tsiro, ga gishiri da yawa, wato abin da kamfa ya yi miki zai maimaita. Na biyu matsalarsa daban: in katakon ya fi kashin yawa, ƙwayoyin da ke cin katako sai su janye naitirojin ɗin ƙasa don aikinsu, shuka ta yi ɗorawa makonni alhali an zuba taki. Duka biyun cikin rami ya kamata su bi. Mai katakon ki lissafa shi a matsayin rabi busasshe rabi kashi, ki rage kara.

Sai maganar cuta. Ɗanyen kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa da zazzaɓi, kuma latas, kabeji, karas da tumatir ɗanyu muke yanka su. Ƙa'idar noman da ba ruwansa da takin zamani a Amurka ita ce, in an sa ɗanyen kashi a ƙasa sai an yi kwana 120 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Alayyahu kuwa mako huɗu zuwa biyar ake fara yanka. Kin ga zubawa kai tsaye ba ta rage miki jira ba.

Baba, a gafarce ni, a kan toka ina da ja. In kashin shanu ne ko na awaki, ɗan barbaɗen ba zai yi ɓarna mai yawa ba. Amma toka a kan kashin kaji tana mayar da naitirojin iska ya tashi, da hanci ma ana jin sa nan take, kuma shi ne abin da aka sayi buhun dominsa. Haka take yi wa yuriya. Gara a tara tokar a busasshen wuri, domin ruwa yana wanke fotash ɗin da ke cikinta, wato abincin shukar da ake nema a toka, a zuba ta a fangali ita kaɗai: cikin gwangwanin madara ɗaya, kamar giram 100, a kowace murabba'in mita, sau ɗaya a shekara, a cakuɗa da ƙasa mako biyu kafin shuka. Ta itace ko ta kara kawai, ban da wadda aka hura da leda ko katako mai fenti. Kuma ki jira sakamakon gwajin da Malam ya faɗa. In siminti ya riga ya ɗaga ma'aunin ya kai 7, toka ƙara ɓata ƙasar za ta yi.

Baba Mai Lambu, Rafin Guza

Gaskiyarki Hajiya, da kashin shanu muke haɗawa. Tunda na kaji za ta sa, a cire toka daga jerin. In kuma za a ɗauko na shanu daga Zangon Tudun Wada, a tuna yana cike da ƙwayar ciyawa, sai ya sha zafin tsakiyar tsibi sosai kafin a kai shi fangali.

Abu Nabila, Rigachikun

Hajiya Maman Walida, ga lissafin yawa. Fangalinki huɗu murabba'in mita 20 ne. Ƙasar da ba ta taɓa ganin taki ba tana son kaurin santimita 3 zuwa 5 a karon farko. Santimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 10 ne, saboda haka santimita 3 a fangalin duka lita 600, santimita 5 lita 1,000. In baronki yana cin lita 60, baro 10 zuwa 17 ke nan, wato biyu da rabi zuwa huɗu a kowane fangali. Tsibin da Baba ya kwatanta ya kai lita 2,700 a ranar tarawa, yana nuna zai zabge ya koma ƙasa da rabi, ki sa ran kamar lita 1,000. Tsibi ɗaya ya ishe ki, amma ranar da kika yi juyin ƙarshe ki fara tara na gaba.

A cakuɗa shi da santimita 15 zuwa 20 na saman ƙasa, a ba da ruwa, a jira mako guda. Kar a binne shi can ƙasa inda ba iska, kar kuma a baje shi a sama a bar wa rana. In aka ga gwazarma a ciki a tsince a ba kaji, a tsibi ba ta da laifi, amma akwai irinta mai cin saiwa kuma da ido da wuya a bambance.

Abin da nake ganin ya kai takin muhimmanci, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne rufe ƙasa. Ɓawon da kike gani ɗigon ruwa ne ke dukan tsirarar ƙasa ya toshe ƙofofinta, na sama ne ko na bokiti. Zafinmu kuma yana cinye ruɓaɓɓen abu da sauri, takin da aka sha wahala aka haɗa in aka bar shi a rana shekara guda da ƙyar a ga alamarsa. Da zarar tsiro ya kai tsawon tafin hannu a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, ɓawon gyaɗa ko farfasasshen ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar yatsu uku daga jikin kara don kar ya ruɓe. Za a ce miki gara za ta zo. Za ta zo, amma busasshen abu take nema, kuma ramukan da take yi suna buɗa wa ruwa hanya a taurarriyar ƙasa. Manoman Tawa a Nijar da wannan suke farfaɗo da faƙo: su haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki, gara ta huda ƙasar. Shukar da ta sha ƙishi ita gara ta fi kamawa, don haka a daidaita ban ruwa.

Kamfa ba a kore shi ba har abada. Naitirojin da ke cikin ruɓaɓɓen taki bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma kaɗan daga ciki ne ke fita a shekarar farko. Masu ci da yawa irin su tumatir da kabeji za su so ƙari. Bayan takin ya shiga, giram 30 na kamfa 15-15-15 a murabba'in mita ya isa, kamar cikin kwalin ashana biyu, mako biyu bayan dashe, a nisan santimita 8 daga gindi, a rufe da ƙasa a ba da ruwa. A sannan ƙasar tana da abin riƙe shi.

Sai lokaci. In an tara a makon nan, ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu zai nuna. Kar ki dasa tumatir a sannan, furensa zai faɗa zafin Maris da Afrilu ya zube komai kyawun ƙasa. Ki sa alayyahu, kuɓewa, rama da yakuwa, su ba sa gudun zafi. Da damina ki ba fangali biyu wake ko gyaɗa, in sun fara fure a sare a bar ganyen a kai, saiwar a cikin ƙasa. Tumatir a yi renonsa a Satumba ko Oktoba a dasa a waɗannan biyun. Kuma kar tumatir, attarugu, tattasai da gauta su bi juna a fangali ɗaya, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Duk sabuwar shuka a ƙara taki santimita 1 zuwa 2 a sama, ba sai an sake haƙa ba.

In ba kya son fangalin su zauna haka nan har Fabrairu, ki ware ɗaya. Ki kankaro tsohon kashin awaki na ƙasan turke, wanda ya yi watanni ya bushe ya daina wari, a daka shi, bokitin fenti ɗaya a kowace murabba'in mita biyu, a cakuɗa, a yi ta ba shi ruwa mako biyu, sannan a shuka abin da ake dafawa, ba wanda ake ci ɗanye ba.

Malamin Gona, Kawo

Ƙari ɗaya, domin takin da bai gama nuna ba shi ma yana ƙona shuka kuma yana satar naitirojin. Baƙi kaɗai ba shaida ba ne. Nunanne ba a gane abin da aka zuba sai 'yan guntayen kara, yana warwatsewa a hannu, sanyi ƙalau, ƙamshinsa irin na ƙasa bayan ruwan farko. In kina shakka, ki jiƙa damƙi ɗaya ki ɗaure a leda kwana uku. In kika buɗe kika ji tsami ko warin fitsari, da saura.

Gwajin da ya fi tabbas shi ne na iri. Ki cika gwangwani biyu masu huji a ƙasa, ɗaya da takin rabi da ƙasa rabi, ɗaya da ƙasa zalla, ki shuka wake 10 a kowanne. Bayan mako guda ki ƙirga ki kuma zaro biyu-biyu ki duba saiwa. In na takin ya fito 8 ko fiye kuma saiwar fara ce doguwa, ki kwashe zuwa fangali. In ya gaza na ƙasa zalla, ko bakin saiwar ya yi ja ya dunƙule, a juya tsibin, a yayyafa ruwa, a rufe, a sake gwadawa bayan mako biyu.